Kasuwa a ƙarƙashin bindiga: kare cinikin amfanin gona a lokacin yaƙin cikin gida

Idan yaƙi ya ɓarke a cikin ƙasa, masu ɗauke da makamai kuma suka karɓe iko da wani yanki, tambayar da ke biyo bayan ta rayuka ita ce ta hatsi: wa zai noma, ta wace hanya za a fitar da abin da aka girbe, kuma aljihun wa kuɗin zai shiga. Abin da ake nufi da kare cinikin amfanin gona shi ne dokoki da matakan da ke tabbatar da cewa manomi ya isa gonarsa, buhunsa ya isa kasuwa, ya kuma sayar da yardarsa, duk da cewa soja ko ɗan tawaye ne ke riƙe da garin. Kwamandoji kan tunkari batun da zuciya biyu, domin buhun geron da ke ciyar da iyalin manomi shi ne zai ciyar da abokin gaba idan ya faɗa hannunsa. Mataki mafi sauƙi ga mai iko shi ne ya rufe kasuwa. Sai dai abin da aka gani a wurare da dama shi ne rufewar ba ta cika tsayar da ciniki ba, takan dai sauya wanda ke cin ribarsa.

Lambara, mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Shagari, a ɓangaren da ke kusa da Boɗinga a kudancin Jihar Sakkwato. Da damina ana noma gero da dawa da wake a yankin, da rani kuma a koma fadama domin albasa da tafarnuwa da tumatir da shinkafa. Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari da Tambuwal ta nufi Jega da Yawuri ita ce ke kai wannan amfani kudancin ƙasar. Ba a taɓa ayyana yaƙin basasa a nan ba. Amma maƙwabtan Shagari da Boɗinga, wato Tureta da Tambuwal, suna cikin wuraren da gwamnati ta gwada dabarar toshe ciniki a 2021, kuma mutanen da ke karɓar haraji kafin su bar manomi ya shiga gonarsa sun daɗe da zama abin sani a jihar.

Abin da doka ta tanada

A dokar ƙasa da ƙasa, kalmar mamaya tana da ma'ana takamaimai. Ƙa'idojin birnin Heg na 1907 sun ce yanki ya shiga mamaya idan ikonsa ya koma hannun rundunar wata ƙasa da ake yaƙi da ita. Ƙa'idojin sun haramta wawashe dukiya, sun kare mallakar jama'a, sun kuma ce idan rundunar ta karɓi abinci ko dabbobi don buƙatarta, to ta biya nan take, in ba hali ta ba da rasit ta biya daga baya. Yarjejeniyar Janiba ta huɗu ta 1949, a sashe na 55, ta ƙara ɗora wa mai mamaya nauyin tabbatar da cewa mutanen da ke ƙarƙashinsa sun samu abinci, tare da hana shi kwasar kayan abinci ba tare da duba buƙatar farar hula ba.

Duk wannan ya shafi yaƙi ne tsakanin ƙasa da ƙasa. Sojan da ya ƙwato gari a cikin ƙasarsa ba a kiransa ɗan mamaya a doka, ko da mazauna garin haka suke kallonsa. Giɓin ya daɗe a buɗe, sai a 1977 aka rage shi da ƙarin yarjejeniya ta biyu, wadda sashenta na 14 ya haramta amfani da yunwa a matsayin makami a yaƙin cikin gida, ya kuma ambaci abubuwan da ba a taɓawa: kayan abinci, gonaki, amfanin gona, dabbobi, ruwan sha da na ban-ruwa. Najeriya ta shiga yarjejeniyoyin Janiba a 1961, ta amince da ƙarin na 1977 a shekarar 1988. A Mayun 2018 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2417 da ke Allah wadai da sanya farar hula cikin yunwa da gangan, kuma a Disambar 2019 ƙasashen Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya suka amince a lissafa hakan cikin laifukan yaƙi ko da rikicin na cikin gida ne.

Akwai rauni a cikin wannan tsari, kuma a nan manomi ke faɗawa. Dokar ta hana ƙona rumbu da lalata gona, amma ba ta fito fili ta ce a bar kasuwa a buɗe ba. Kwamandan da bai taɓa ko dami ɗaya ba, amma ya hana motar haya shiga ƙauye har tsawon wata uku, zai iya cewa bai karya komai ba. Albasar da ta ruɓe a buhu kuwa ba ta bambanta ƙonawa da hana fita.

Haka kuma akwai muhawara a kan ko rikicin arewa maso yamma ya kai matsayin yaƙin cikin gida a ma'aunin doka. Game da arewa maso gabas an gama magana, domin ofishin mai gabatar da ƙara na kotun duniya ya bayyana tun 2013 cewa ya kai. Game da 'yan bindigar daji, hanyar da gwamnatin tarayya ta bi ita ce ta ta'addanci: Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana su 'yan ta'adda a Nuwambar 2021.

Darasin da aka koya a wannan ƙasar

Mutanen Boɗinga ba sa buƙatar zuwa Janiba kafin su san batun. A Sifawa, cikin ƙaramar hukumar, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna daga wajen 1810 zuwa 1815, ƙanensa Abdullahi kuma ya zauna a garin Boɗinga. Yaƙin da ya kawo su can, wanda aka fara a 1804, yaƙi ne na cikin ƙasar Hausa, kuma yunwa ta kusa cin ƙarfin jama'ar Shehu a shekarunsa na farko. Bayan asarar da aka yi a Tsuntsuwa a ƙarshen 1804, sai suka koma Sabon Gari a ƙasar Zamfara neman abinci. Zamfarawa sun karɓe su da farko saboda tsohuwar gabarsu da Gobir. Amma runduna mai yunwa baƙo ce mai nauyi: kwasar abinci daga garuruwan da ba a yaƙi da su ya mayar da abokai abokan gaba. A 1805, gab da gwabzawar Alwasa, wasu mayaƙa suka wawashe garin Kwalde wanda ke zaman amana da jama'a, duk da ƙoƙarin da shugabanni suka yi na hana su. Irin wannan hali yana cikin abin da ya ɓata wa Abdullahi rai har ya bar rundunar ya nufi gabas, ya yada zango a Kano.

Shugabannin sun san hukuncin tun kafin su ga aibin a aikace. Wasiyyar da Halifa Abubakar ya yi wa kwamandansa mai tafiya Sham, wadda ke cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, ta hana sare itace mai 'ya'ya da rushe gine-gine da yanka dabba in ba don ci ba. Labarin Sumama bin Usal ya ma fi kusa da batun ciniki. Shugaba ne a Yamama, inda Makka ke sayo alkama. Da ya musulunta sai ya hana a kai wa Ƙuraishawa ko ƙwaya ɗaya. Da yunwa ta matsa musu suka rubuta wa Annabi (SAW) suna roƙo da darajar zumunta, shi kuma ya umarci Sumama ya saki hanya, alhali mutanen da suka kore shi daga garinsu ne za su ci alkamar.

Bayan an kafa daula, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ɗauki wata hanya ta daban da kwasar ganima: ya gina garuruwan ribaɗi irin su Wurno, inda mayaƙa ke zaune suna noma suna tsaron iyaka, domin gona da hanyar fatake su samu inuwa.

Biyafara da Memfis

Yaƙin basasar Najeriya, daga 6 ga Yulin 1967 zuwa 15 ga Janairun 1970, shi ne misalin da ya fi girma a ƙasar. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta toshe yankin gabas ta ruwa da ta ƙasa. Ta kuma ba dakarunta ƙa'idar aiki a rubuce wadda ta hana wawaso da lalata dukiya da gangan. Amma yayin da rundunar tarayya ke karɓe Inugu da Kalaba a Oktoban 1967, sannan Abakaliki da Fatakwal a 1968, sai yankunan da ke noma doya da shinkafa da waɗanda ke kawo kifi suka fita daga hannun Biyafara, miliyoyin mutane kuma suka cunkushe a ɗan abin da ya rage. Canjin takardun kuɗi da aka yi a Janairun 1968 ya mayar da kuɗin da ke hannun mutanen gabas takardar banza. Ƙiyasin waɗanda suka mutu, akasari yara da yunwa ta kashe, ya kama daga rabin miliyan zuwa miliyan 2.

Duk da haka ciniki bai mutu ba. Mata 'yan kasuwa sun riƙa ƙetare fagen daga cikin dare suna shiga yankunan da sojan tarayya ke riƙe da su, su sayo gishiri da abinci su koma. Inyamurai sun kira wannan fatauci afia attack, wato kasuwar farmaki. An kashe da yawa daga cikinsu, an ci zarafin wasu, kuma wani kaso na ribar ya tsaya a hannun masu tsaron shinge na ɓangarorin biyu.

Arewa ma ta ji a jikinta, ko da ba a harba bindiga a gonakinta ba. Layin dogon da ke kai gyaɗa Fatakwal ta Makurɗi da Inugu ya yanke, sai kayan suka koma dogaro da tashar Legas. Manja da kwakwar manja, waɗanda gabas ke kan gaba wajen fitarwa, sun durƙushe, Najeriya kuma ba ta sake komawa matsayinta na da a kasuwar duniya ba. Da aka gama yaƙin, ɗan garin Shagari ne, Alhaji Shehu Shagari, Gowon ya naɗa kwamishinan tarayya mai kula da raya tattalin arziki da sake gina wuraren da yaƙi ya rusa, a 1970.

Wata dabarar da ake gwadawa maimakon rufewa baki ɗaya ita ce ciniki da takardar izini, kuma yaƙin basasar Amurka ya nuna inda take kaiwa. Da dakarun Shugaba Abraham Lincoln suka karɓe birnin Memfis a Yunin 1862, gwamnati ta yarda a ci gaba da sayen auduga daga yankunan da aka mamaye, amma sai da izinin baitulmali. Audugar da ake sayarwa wajen santi 10 kowane laba kafin yaƙin ta haura dala ɗaya a 1864. Da irin wannan riba, takardar izinin kanta ta zama hajar sayarwa, hafsoshi suka shiga harkar, gishiri da magani da zinari suka riƙa kwarara zuwa ga 'yan tawaye. Janar Ulysses Grant ya fusata, amma maimakon ya kama hafsoshinsa, a ranar 17 ga Disambar 1862 sai ya ba da umarnin korar Yahudawa gaba ɗaya daga yankin da yake iko da shi. Lincoln ya soke umarnin a farkon Janairu. Ɗora laifin haramtaccen ciniki a kan wata al'umma sukutum, maimakon a kan mutanen da suka aikata, ɗabi'a ce da za a sake gani a kasuwannin Sakkwato.

Tattasan Difa da kifin Tafkin Chadi

A Fabrairun 2015, bayan hare-haren Boko Haram a Boso da Difa, gwamnatin Nijar ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar Difa. An hana hawa babur, an taƙaita sayar da man fetur da takin yuriya saboda ana haɗa bam da shi, an kuma hana cinikin kifi da na tattasai, bisa hujjar cewa da harajinsu 'yan ƙungiyar ke sayen makamai. Tattasan da ake nomawa a gaɓar kogin Komadugu Yobe shi ne arzikin jihar, har ana yi masa laƙabi da jan zinari, kuma mafi yawansa kasuwannin Najeriya ake kai shi. Ƙungiyar Oxfam, a rahoton da ta fitar a 2017, ta ƙiyasta cewa kifi da tattasai tare suna kawo kimanin saifa biliyan 28 a shekara kafin rikicin. Manomin da ba shi da mai ba zai tayar da injin ban-ruwa ba, wanda ba shi da taki ba zai samu yabanya ba, saboda haka haramcin ya kama gona tun kafin ya kai kasuwa. Sai a Oktoban 2017 aka ɗage na tattasai, na kamun kifi kuma a Maris ɗin 2019.

A Borno an bi sawu ɗaya. A 2016 gwamnatin jihar ta dakatar da wasu kasuwannin shanu, sojoji suka hana safarar kifi daga Baga, suka taƙaita shigar da taki, a wasu wurare ma suka hana shuka mai tsayi irin masara da dawa kusa da gari don kada maƙiyi ya ɓuya a ciki. Mazauna garuruwan da aka kewaye da rami ba sa iya wuce 'yan kilomitoci kaɗan don noma. A ɗaya ɓangaren kuwa, kamar yadda ƙungiyar Crisis Group ta bayyana a 2019, ISWAP ta buɗe wa masunta da manoma ƙofar tsibiran tafkin, tana karɓar haraji tana ba su damar aiki. Talakan da aka hana sana'a a gefen gwamnati ya samu izininta a gefen 'yan tawaye. Waɗanda suka fita noma ba tare da kariyar kowa ba, makomarsu ta fito fili a ranar 28 ga Nuwambar 2020, lokacin da aka yi wa masu yankan shinkafa daga Zabarmari yankan rago a gonakin Koshebe. An binne 43 washegari.

Sakkwato, 2021

A ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Bello Matawalle na Zamfara ya rufe kasuwannin mako-mako, ya hana sayar da fetur a jarka da safarar dabbobi, kuma a farkon Satumba aka katse layukan waya a faɗin jihar. Katsina da Kaduna sun ɗauki matakai masu kama da haka. A Sakkwato, Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa hannu a kan umarnin da ya rufe hanyar Isa zuwa Marnona, ya dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi fiye da goma, ya hana ɗaukar itace daga daji da manyan motoci, ya kuma ƙayyade fetur ɗin da za a sayar wa mutum ɗaya. Kafin watan ya ƙare an katse waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar.

Adalci ne a faɗi cewa matakin ya ciji 'yan bindigar a makonnin farko. Rahotanni daga gabashin jihar sun nuna suna neman shinkafa da gero da mai a madadin kuɗin fansa, alamar cewa rumbunsu ya yi ƙasa. Amma mutumin da ke da bindiga idan ya ji yunwa ba ya zama ya jira. Waɗanda farmakin soja ya koro daga Zamfara sun kwararo Isa da Sabon Birni, suka koma kwasar abinci kai tsaye daga ƙauyuka, ƙauyukan da a lokacin ba su da wayar da za su kira agaji.

Watan Oktoba ya nuna yadda kasuwa ke komawa fagen daga idan aka ɗauke ta a matsayin hanyar ciyar da maƙiyi. A kasuwar Mamande ta ƙaramar hukumar Gwadabawa, 'yan sa-kai sun kashe Fulani 11 da suka zo cin kasuwa. A kasuwar Unguwar Lalle ta Sabon Birni 'yan bindiga sun buɗe wuta a kan jama'a. A ranar Lahadi 17 ga watan suka afka wa kasuwar Goronyo, gwamnatin jihar ta tabbatar da mutuwar mutum 43. Hana Bafulatani sayen gero don ana zargin zai kai daji bai raba mai laifi da marar laifi ba, ya dai ƙara wa masu ɗaukar mayaƙa a daji hujja.

Abin da ya biyo baya a Nuwamba ya fi komai bayyana tsarin. Jaridu sun ruwaito cewa yaran Bello Turji sun naɗa nasu shugabannin a wasu garuruwan Sabon Birni, ciki har da Gangara, suka ce wa mutane su koma gona su buɗe kasuwa, da sharaɗin biyan haraji da kuma kada jami'an tsaro su shigo. Hukumomi sun musanta labarin naɗin. Harajin kuwa ba wanda ya musanta shi. A daidai lokacin da gwamnati ke taƙaita ciniki, mai bindiga ne ke tallata kansa a matsayin mai kare shi, kamar dai yadda aka gani a Tafkin Chadi. Ba tausayi ne ya sa shi ba: gonar da ba a noma ba babu abin da zai karɓa a kanta. Kamfanin bincike na SBM Intelligence ya ƙirga cewa tsakanin 2020 da 2023 manoma a arewa sun biya kimanin naira miliyan 139 na harajin gona daga cikin kimanin miliyan 224 da aka nema, kuma wannan lissafin abin da ya fito a rahotanni ne kawai. Harajin kan zo sau biyu, kafin shuka da kafin girbi, wani lokaci da aikin tilas a gonar shugaban daba. A Tangaza da Gudu, Lakurawa sun sa wa nasu karɓar suna zakka.

Manomin Lambara yana jin nauyin irin wannan rufewa ko da ba a rufe kasuwar garinsu ba. Dabba ita ce asusun ajiyarsa: da tunkiyar da ya sayar yake sayen taki da irin albasa da man injin ban-ruwa, kuma watannin Satumba da Oktoba, lokacin da aka dakatar da cinikin dabbobi aka ƙayyade fetur, su ne na shirin noman rani. Dillali da mai mota da wayar hannu suke daidaita farashi da lodi, idan layi ya ɗauke sai mai saye ya zo da nasa farashin. Gero na iya jira a rumbu shekara guda. Tumatir kwana kaɗan yake da shi, albasa kuma tana raguwa tana ruɓewa a ajiya tun daga girbin Fabrairu zuwa Afrilu. An ga haka ko ba da yaƙi ba a ƙarshen Fabrairun 2021, lokacin da haɗaɗɗiyar ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta daina kai kaya kudu bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan. Farashi ya tashi a Legas, amma a arewa kwandunan tumatir ne suka zube, aka janye yajin a farkon Maris. An sake ganin makamancin haka a iyakar Illela da Birnin Ƙonni bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, inda motocin kaya suka yi ta jira har aka buɗe ɓangaren Najeriya a Maris ɗin 2024.

Akwai kuma tambayar iko. Matakan 2021 umarnin gwamnoni ne, ba dokar ta-ɓaci ba ce a ƙarƙashin sashe na 305 na kundin tsarin mulki, wadda sai Majalisar Tarayya ta amince kuma tana da wa'adi. Sashe na 41 ya ba ɗan ƙasa 'yancin zirga-zirga, na 45 ya yarda a taƙaita shi don tsaro, amma ta hanyar doka mai hujja. Sashe na 44 ya wajabta diyya idan gwamnati ta karɓe dukiya, sai dai bai ambaci wanda kayansa suka lalace don an rufe masa hanya ba. Gyaran da aka yi wa kundin a 2023 ya shigar da haƙƙin samun abinci cikin manufofin ƙasa, amma a babi na biyu, wanda kotu ba ta tilasta aiwatar da shi.

Abin da ya rage a hannun hukuma

Kishiyar rufewa ita ce rakiya, kuma ta fi tsada. Tana buƙatar sintiri a gonaki lokacin shuka da girbi, jami'ai a ƙofar kasuwa ranar cinta, da ayarin motocin da ake rakawa a hanyoyin da ake tare mutane. Don haka aka kafa rundunar Agro Rangers a ƙarƙashin hukumar Sibil Difens, wadda gwamnatin Borno ta yi amfani da ita wajen raka manoma tun 2019, sai dai yawanta bai kai faɗin gonakin da ke buƙatarta ba. Sakkwato ta ƙaddamar da nata askarawan tsaron al'umma a Maris ɗin 2024 a ƙarƙashin Gwamna Ahmed Aliyu, ga kuma runduna ta 8 ta sojan ƙasa da ke da hedikwata a birnin. Rakiyar ma tana da nata ciwon. Kowane shinge da aka ƙara a hanya wuri ne da direba zai iya miƙa na goro, kuma a ƙarshe daga farashin da ake ba manomi ake cire shi. Tsohuwar ƙa'idar Heg ta rasit a nan take da amfani: abin da jami'i ya karɓa ko ya tsare, a rubuta, a sa hannu, a san wanda za a tambaya.

Inda dole sai an taƙaita, bambancin da ke tsakanin matakin tsaro da horon jama'a yana cikin abubuwan da kowa zai iya dubawa: ko an ambaci kayan da aka hana ɗaya bayan ɗaya, ko an sa ranar ƙarewa, ko an yi la'akari da kalandar noma. Hana jarkar fetur shiga daji abu ne da za a iya karewa. Hana buhun wake fita daga ƙauye da kaka yana da wuyar karewa, domin wanda zai saye shi da araha a ƙarshe shi ne wanda ke iya ratsa daji ba tare da tsoro ba.

Kudancin Sakkwato, wanda a 2021 ake ganin ya fi gabashin jihar kwanciyar hankali, ya shiga sahu tun daga lokacin. A daminar 2025 hare-hare sun raba mutanen wasu ƙauyukan ƙaramar hukumar Shagari da gidajensu, gero na gab da nuna a gona. Waɗanda suka tsere zuwa garin Shagari sun fito zanga-zanga suna neman a kai musu jami'an tsaro, kuma abin da suka tare don a saurare su shi ne babbar hanyar da ke kai amfanin gonar yankin kudu.